Kafin a Wanke Rigar

'Yar wana ma'aikaciyar jinya ce. A Panshekara take zaune, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, kullum kuma sai ta bi hanyar Zariya zuwa wani asibiti a yankin noman rani inda take aiki. Watannin baya na kai musu ziyara, na tarar da ita a tsakar gida da tarin takardun da ta buga daga intanet, tana ja musu layi da jan biro. Na tambaye ta ko jarrabawar ƙarin girma ce ta taso. Ta ce, "A'a Baffa, manhajar jarrabawar SANE ce ta Amurka, ta masu jinyar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ko ban samu kuɗin zama ba, ina so in san abin da suke tambaya." Sai ta ƙara da cewa a wurin aiki dariya ake yi mata. Wasu na cewa hanyar tsere wa ƙasar take nema, wasu na cewa ta shiga sharo ba shanu, tunda rubuta wa kotu rahoto aikin likita ne.

Wannan dariya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Masu yin ta ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba, shi ya sa ma ta fi damuna. Ra'ayinsu shi ne ra'ayin yawancinmu, kuma ina da tabbacin cewa wannan ra'ayi yana daga cikin abubuwan da ke buɗe wa masu laifi ƙofar kotu su fice suna kaɗa riga.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Akwai reshen aikin jinya da ya tsaya a mahaɗar asibiti da kotu. Mai yin sa tana kula da majinyacin da rauninsa ya samo asali daga laifi ko daga abin da ake zargin laifi ne: fyaɗe, dukan da aka yi a cikin gida, azabtar da yaro, sara, guba. Tana yi masa magani kamar kowace nas, sannan tana rubuta abin da ta gani yadda alƙali zai iya dogara da shi, tana adana abin da jiki da tufafi suka ɗauko, tana kuma iya tsayawa a gaban kotu ta yi bayani. Wata Ba'amurkiya, Virginia Lynch, ita ce ta yi fice wajen tsara shi a matsayin fanni. A 1992 ma'aikatan jinya 72 suka taru a birnin Minneapolis suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, a 1995 kuma ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta amince da shi a matsayin fanni mai cin gashin kansa. Jarrabawar da 'yar wana ke karanta manhajarta daga wannan tushe ta fito. An raba ta gida biyu, ta masu duba manya da matasa da ta masu duba ƙananan yara, aka kuma shimfiɗa mata sharuɗɗa: shekarun aiki bayan samun lasisi, darasin da bai gaza awa 40 ba, da ɗaruruwan awoyi na aikin hannu. Jinyar shari'a zan riƙa kiran wannan fanni.

Yanzu mu dawo gida. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya sauya ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da tumatir da albasa da alkama sun mai da rani lokacin aiki. Inda aiki ya yawaita, baƙi na yawaita: 'yan ƙwadago masu zuwa dashe da yanka, direbobin da ke lodi a Kwanar Gafan, masu aikin injinan casar shinkafa. Inda ma'aikata suka taru kuwa, a nan 'yan talla ke taruwa, kuma kowa ya san shekarun 'yan talla. Ban ce yankin ya fi wani yanki ɓarna ba. Abin da na ce shi ne, yarinyar da abin ya faɗa wa a bakin kwata a ƙasar Bunkure tana da nisan tafiya kafin ta kai ga wanda aka horar don ya karɓe ta. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a cikin birni tana wannan aiki, ta kuma daɗe tana ɗauke da nauyin jiha mai ƙananan hukumomi 44. Daga Kura zuwa can kilomita talatin ne da 'yan kai, daga ƙauyukan Bunkure ya fi haka, ga kuɗin mota, ga kunya, ga dare.

Ita kuwa wannan masifa da agogo take tafe. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau dole a fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa iyakarsa awa 120. Akwai allurar ciwon hanta, akwai ta tetanus idan da rauni. Hujjar da ke jiki ta fi duk waɗannan saurin gushewa: wanka yana tafiya da ita, wanki yana tafiya da ita, fatar yaro kuma tana warkewa cikin 'yan kwanaki. Mu kuwa mun san yadda ake yi. Uwa ta fara wanke 'yarta da ruwan zafi, domin abin da tausayi ya nuna mata ke nan. A wanke zanen, ko a ƙone shi. A jira maigida ya dawo daga gona, a je wa mai unguwa, a tura wa dangin wanda ake zargi, a yi kwana biyu ana kai da komo a kan rufin asiri. Sai sulhu ya watse a nufi ofishin 'yan sanda, daga nan asibiti. Mutum na farko mai ilimin lafiya da yarinyar za ta gani, sau da yawa nas ce ko ungozoma ko jami'in lafiya na ƙaramin asibiti, kuma sau da yawa ba wanda ya taɓa koya masa abin da zai yi da wannan awa.

Masu cewa aikin likita ne su buɗe Dokar Shaida ta 2011. Sashe na 68 ya ce kotu na karɓar ra'ayin wanda ya ƙware a fannin kimiyya ko sana'a. Ƙwarewa ya ambata, bai ambaci laƙabi ba. Abin da lauyan wanda ake tuhuma zai tambayi nas a gaban alƙali shi ne, a ina kika koya, wa ya jarraba ki, sau nawa kika yi? Takardar shaidar ƙwarewa amsar waɗannan tambayoyi ce. Su kuma duba sashe na 209. Yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a yanke wa mutum hukunci a kan maganarsa kaɗai, sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa ta. Fyaɗe kuwa ba a gaban jama'a ake yin sa ba. To daga ina hujjar za ta fito? Daga jikin yarinyar, da tufafinta, da takardar da aka rubuta a daren farko. Sashe na 283 na kundin Penal Code ya tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin rai-da-rai. Duk lokacin da wani mummunan labari ya ɓulla, kamar na Kwanar Dangora a 2020 da 'yan sanda suka ce sun kama mutum guda bisa zargin fyaɗe har 40, sai mu tashi muna neman a ƙara tsananta hukunci. A watan Yunin shekarar gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Amma hukunci komai tsananinsa sai an tabbatar da laifi yake sauka a kan mai shi. Mun yi ta wasa takobi, mun manta da hannun da zai riƙe shi.

Na karɓi takardun 'yar wana na duba, sai na ga yawancin abin da jarrabawar ke nema ba ya bukatar na'ura mai tsada. Abin da take nema shi ne mutum ya zubar da wasu abubuwan da ya ɗauka ya sani.

Ga misali. Yawancinmu, har da wasu ma'aikatan lafiya da 'yan sanda, mun yarda cewa idan an yi wa yarinya fyaɗe dole a ga rauni, idan ba a gani ba ƙarya ake yi. A 2002 likita Astrid Heger da abokan aikinta a Los Angeles suka wallafa sakamakon duba yara 2,384 da aka kawo bisa zargin an yi lalata da su. Kimanin kashi 4 cikin 100 ne kawai aka samu alama a jikinsu. Dalili kuwa sananne ne: wurin yana miƙewa, yana saurin warkewa, yaran kuma ba sa faɗa da wuri. Nas ɗin da ta san haka za ta rubuta cewa ba ta ga rauni ba, kuma rashin rauni ba ya tabbatarwa ba ya korewa. Wadda ba ta sani ba za ta rubuta cewa babu alamar an taɓa ta, ta miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma mabuɗin kurkuku da hannunta. Haka batun tantanin budurci. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu suka fito fili suka ce gwajin budurci ba shi da tushe a kimiyya, a daina shi. Duk da haka har gobe iyaye na zuwa asibiti da tambaya guda, a duba mana ko an ɓata ta, a kuma samu mai amsa musu da e ko a'a. Da wannan kalma ɗaya ake kashe shari'a, wani lokaci da ita ake kashe auren da ba a ma ɗaura ba.

Ga wani misalin. Ba a zuba tufafin shaida a leda, domin danshi na haifar da fumfuna ya lalata abin da ke jiki. Ambulan na takarda ake sa su, kowanne daban, audugar da aka shafo kuma sai ta bushe kafin a rufe. Duk hannun da ambulan ɗin ya shiga sai an rubuta sunansa da rana da lokaci, domin idan aka rasa mutum ɗaya a jerin, lauya zai ce an sauya kayan a hanya. Ana rubuta maganar majinyaci da kalmominsa. Idan yarinya ta kira abin da sunan da yara ke kiran sa, haka za a rubuta, kada a gyara mata shi zuwa Turancin asibiti. Ana auna rauni da ma'auni, a faɗi wurinsa da girmansa da siffarsa, kuma ba a ƙiyasta kwanakin ƙurji daga launinsa, domin bincike ya nuna launi ba abin dogaro ba ne. Ana tambayar ko an shaƙe wuya, a saurari dushewar murya, a duba jan ido, domin shaƙa na iya yin ɓarna a ciki alhali fata ba ta nuna komai ba. Sannan nas ba ta rubuta cewa an yi fyaɗe ko ba a yi ba. Wannan hukunci na alƙali ne. Wane ne cikin waɗannan darussa ya fi ƙarfin asibitin Kura ko na Bunkure? Ambulan, ma'auni, biro, kabad mai kwaɗo, da mutumin da aka koya wa.

Da wannan na amsa wa masu cewa ba mu da ɗakin gwajin DNA, don haka wahalar banza ce. Gaskiya ne ɗakunan gwajin sun yi ƙaranci. Wanda jihar Legas ta buɗe a 2017 ma ya gamu da ɓarna a tarzomar Oktoban 2020. Amma alƙalan ƙasar nan sun daɗe suna yanke hukunci da rahoton asibiti, kuma rahoto mai kyau da maras kyau duk da biro ɗaya ake rubuta su. Ranar da aka samu ɗakin gwaji a Kano ma, abin da aka kai masa zai gwada. Zanen da aka wanke ba ya magana ko a Landan.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, ba zan kauce masa ba. Ana cewa ma'aikatan jinya sun yi kaɗan, haihuwa da zazzaɓin cizon sauro ma sun fi ƙarfinsu, kuma duk wadda ta samu takardar waje gobe tana filin jirgi. A farkon 2024 magatakardar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ya ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Wannan rauni ne na gaske. Sai dai a tsaya a duba inda maganar ta nufa. Idan mai son wannan ilimi dole ta nemi jarrabawar da ake biya da dala, mai tambaya a kan dokokin Amurka, to mu ne muka nuna mata hanyar filin jirgi. Maganin abin shi ne a yi jarrabawar a nan, a kan Dokar Shaida da Penal Code da Dokar Kare Yara ta Kano ta 2023, takardar da amfaninta yake a kotunan Kano. Batun ƙarancin ma'aikata kuma, likitoci sun fi ma'aikatan jinya ƙaranci a karkara, saboda haka ne ma gwamnatin tarayya ta fito da manufar raba ayyukan lafiya a 2014, aka sakar wa na ƙasa wasu ayyukan da a da na likita ne kaɗai. Ƙasashen da ke fama da irin talaucinmu sun riga mu. Kenya ta yi ƙa'ida a 2012 da ta ba ma'aikatan jinya damar duba wanda aka yi wa fyaɗe su cike takardun da za a kai kotu. A Afirka ta Kudu ma'aikatan jinya da aka horar suna cike fom ɗin J88 a cibiyoyin Thuthuzela, suna kuma ba da shaida.

Saura masu ganin abin baƙo ne, al'adar Turawa ce ta tona asiri. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam. An yi zargi a ɗaki rufe, babu mai shaida, magana ta zama ta mutum biyu. Sai aka ce a duba riga, ta gaba ta yage ko ta baya. Malamai irin su Ibn Farhun, Bamalike mai littafin Tabsiratul Hukkam, sun kafa hujja da wannan ƙissa a kan halaccin yin hukunci da alama. Haddi yana da nasa sharuɗɗa masu tsauri, amma ƙofar ta'aziri a buɗe take ga alƙali, a can kuma alama ke aiki. Fiƙihun Malikiyya ya kuma karɓi shaidar mata a kan abin da maza ba sa gani. Mu da muka san nauyin da yarinya da uwarta ke ji idan namiji ne zai duba, ai mu ya kamata mu fi kowa neman a horar da mata. A lura da wani abu kuma: rigar nan wanda ake zargi ta wanke. Jinyar shari'a ba 'yar aiken mai ƙara ba ce. A unguwa an sha yi wa mutum taron dangi a kan zato, rubutu na gaskiya kuwa yana kare mai gaskiya ko a wane ɓangare ya tsaya.

Rufin asiri kuwa, mu tambayi kanmu asirin wa ake rufewa. Na yarinya ana rufe shi da ɗaki mai ƙofa a asibiti, da fayil mai kulle, da ma'aikaciyar da ta san hukuncin sakin baki. Sulhun da ake yi a zaure, a karɓi 'yan kuɗi a ce a bar wa Allah, asirin mai laifi yake rufewa, ya kuma bar shi a bakin kwatar da wasu 'yan talla za su bi gobe.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma tana da tsarin karatun ƙwarewa bayan na farko, da shi ake samun ma'aikatan ɗakin tiyata da na ido da na ƙashi da na taɓin hankali. A ba jinyar shari'a cikakken matsayi a wannan tsari, da manhaja da jarrabawa. Kano na da wuraren koyarwa: sashen nazarin jinya na Jami'ar Bayero, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da makarantar jinya ta Madobi da ke maƙwabtaka da Kura. Waraka ta zama wurin koyon aikin hannu. Jarrabawar kada ta tsaya a zaɓen amsa a takarda. A sa ɗaliba ta karɓi bayani da Hausa daga wadda ke kwaikwayon uwa a gigice, ta cike takarda, ta rufe ambulan, sannan a tsayar da ita gaban lauya na gaske ya yi mata tambayoyin ƙure. Ma'aikatar shari'a da ta lafiya su amince da fom guda da kowace kotu za ta sani. A tabbatar kowane babban asibiti na da aƙalla mata biyu masu wannan takarda, don kada hutun ɗaya ya rufe aikin, a kuma biya su kuɗin zuwa kotu. Amfaninsu ba zai tsaya ga fyaɗe ba. A wannan yanki akwai saran adda a rikicin gona, akwai wanda aka kawo ya sha fiya-fiya ba a san ko shi ya sha ko ba shi aka yi ba, akwai matar da ke cewa faɗuwa ta yi alhali sawun yatsu na wuyanta.

Ga mai shirin wannan jarrabawa tun kafin a yi ta a gida, shawarata ita ce wadda na ba 'yar wana. Ki karanta manhajar waje don kimiyyar jiki, domin jikin ɗan Adam ɗaya ne. Ki haɗa da jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 kan kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ta fuskar magani da shari'a, kyauta ake samun ta. Ki nemi Dokar Shaida ki san sashe na 68 da na 209 kamar sunanki. Ki sami rana ki zauna a kotu ki ji yadda ake yi wa rahoton asibiti fata-fata. Ki nemi izinin zuwa wurin masu yin aikin ki ga yadda suke yi, kada kuma ki taɓa rubuta abin da ya wuce abin da idonki ya gani.

Mu kuma da ba ma'aikatan lafiya ba, Allah ya kiyaye, amma idan abin ya faɗo gidan wani da muka sani, ga abin da za mu gaya masa: kada a yi wanka, kada a wanke tufafi, a naɗe su a takarda mai tsabta, a tafi asibiti a daren kafin a tafi ko'ina. Mai unguwa yana nan gobe, 'yan sanda suna nan gobe, awa 72 kuwa ba ta jiran kowa.

Da zan fito daga gidan na tambayi 'yar wana ko dariyar ba ta karya mata gwiwa. Ta ce, "Baffa, akwai wata yarinya da na taɓa karɓa, na yi mata duk abin da na sani, na sa rigarta a leda na ba uwarta. Sai a takardun nan na gane abin da na yi." Ta mai da kanta kan karatunta, ni kuma na sa takalmina.